Ranar da Na Ƙi Sa wa Magana Riga

Saura mako uku a ɗaura auren 'yata na raba ta da mutumin da zai tsaya mata a matsayin uba. Da bakina na yi, a gaban jama'a, ranar Lahadi da safe. An ba da labarin nan a shaguna da cikin taksi yadda aka ga dama, wasu ma sun ce taɓuwa na yi. Lafiyata ƙalau a ranar, kuma ina sane da abin da zai biyo baya.

Majami'armu tana unguwar Nzeng-Ayong, bayan kasuwa, a ƙasar nan da muka zo neman abinci. Ginin bulo ne da rufin kwano, idan ruwa ya kece sai fasto ya dakata da wa'azi a yi ta waƙa har ya tsagaita. Faston ɗan ƙasa ne, yawancin masu sujada ma haka, da Faransanci ake komai. Mu masu jin Hausa benci biyar muke cikawa ta hannun hagu, 'yan Najeriya da mutanen Maraɗi da waɗanda suka gangaro daga Garwa ta Kamaru. A garin nan idan ka ce kai Bahaushe ne sai a nuna maka hanyar masallaci, idan ka ce coci kake nema sai a ƙara kallonka. Bencin nan biyar su ne danginmu. Su ke zuwa suna, su ke zaman makoki, su ne za ka yi wa ƙorafin rashin gero mai kyau su gane abin da ke damunka.

Ni ce tafinta. Faransancina na Garwa ne, inda muka yi shekara tara da marigayi mijina, ragowar kuma a shagon ɗinkina na unguwar Akébé na tsince shi, a bakin mata masu rigima a kan tsawon siket. Idan lokacin shaida ya yi, wato lokacin da kowa zai iya fitowa ya faɗi alherin da Ubangiji ya yi masa a makon, namu da Hausa suke yi, ni kuma ina gefe da makirufo ina juyawa.

Sai dai ba juyawa kaɗai nake yi ba. Mutanenmu sun saba Hausa ita ce ɗakinsu a ƙasar nan, a cikinta suke zagin direba yana zaune a gabansu. Don haka ko a gaban bagade sukan saki baki. Wata tsohuwa 'yar Maraɗi ta taɓa kwashe minti goma tana bayanin gudawar da ta kama ta, har da launi. Na ce Ubangiji ya tashe ta daga rashin lafiya, aka tafa. Wani ya ce mutanen ƙasar nan ba abin da suka iya sai giya da barci, amma duk da haka Allah ya ba shi ciniki. Na ce yana godiya saboda ƙasar da ta karɓe mu hannu biyu. Wannan shi muke kira sa wa magana riga. Mai shaida yakan juyo ya ce, "Ki sa mata riga," ni kuma in sa. Shekara goma sha ɗaya ina yi, har alfahari nake da shi, don ba kowa ya iya ba.

Babbanmu wani dattijo ne mai shagon kayan gini, ɗan garin mijina, Yaya nake ce masa. Ba zan rage masa komai ba. Shi ya tarbe mu ranar da muka sauka, a gidansa muka yi wata huɗu. Da mijina ya rasu shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da ofisoshi har aka ba mu gawar, shi ya fara zuba ƙasa. 'Yata tana da shekara bakwai a lokacin, tun daga nan Baba take ce masa. Da saurayinta ya shirya, wani malamin makaranta ɗan Kamaru, gidan Yaya manyansa suka je neman aure. Shi zai riƙo hannunta ya shigo da ita coci, shi zai amsa a matsayin mai ba da ita. Babbar rigar da zai sa ma ni na ɗinka, na kai masa har gida.

Ranar Alhamis ta makon da abin ya faru, da rana tsaka, ina cin abinci a shago wayata ta yi ƙara. Bidiyo ne a zauren zumuntarmu na waya, inda ake tura sanarwa da roƙon addu'a. Na buɗe da hannun hagu, na ga ƙofar shagon Yaya. Mutum ne a durƙushe, na san shi, kowa ya san shi. Mai baro ne da ke dakon siminti tsakanin shaguna, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ke kai mini keken ɗinki wurin gyara idan ya lalace. An kama shi da naɗin wayar lantarki a ƙarƙashin tsofaffin buhuna. Maƙwabtan shago biyu suka danne shi, aka ɗora hannuwansa a kan bulo, Yaya da kansa ya ɗaga rodi. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mai ɗaukar bidiyon yana dariya, yana matsawa kusa don ya fito da kyau. A ƙarƙashi mutanenmu suna ta rubuta Amin, wata ta ƙara da cewa Allah ya ci gaba da tona asirinsu.

Ni da irin wannan bidiyo muna da tsohuwar gaba. Shekara huɗu kafin nan 'yan bindiga suka tare motar da ƙanena yake ciki a can gida. Ba wanda ya riga ya kira ni. A wannan zauren na ga gawarsa, kwance a bakin titi, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Wanda ya turo bai san ƙanena ba ne, bai ma kalla har ƙarshe ba, ya tura ne kawai kamar yadda ake miƙa goro, ya rubuta a sa ƙasarmu cikin addu'a.

Yaya yana da wa'azi guda da ba ya gajiya da shi, cewa duniya ta lalace. Hujjarsa kullum 'yan matan unguwar Louis ne da mashayarsu da gajerun tufafinsu. Ban musa masa ba, rabin siket ɗin ma ni nake ɗinkawa. Amma lalacewar da ni nake gani ta fi haka kusa da mu. Mun zama mutanen da ke kallon jinin ɗan'adam suna tauna loma. Ina yarinya a ƙauyenmu, idan za a yanka akuya kakata takan kore mu bayan ɗaki, don kada idonmu ya saba. Yanzu dattawan coci ne ke tura wa juna gawa kafin karin kumallo, kuma ba wanda yake ganin ya yi wani abu. Na ture kwanon abincin a ranar, raina yana tafasa.

Amma ban ce uffan ba. Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce, ina ɗinkin rigar amarya. Na ce wa kaina saura mako uku, in haɗiye, bayan biki in samu Yaya mu biyu. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauke ni jaruma. Da ya yi shiru, da ni ma na yi.

Ranar Lahadi da aka buɗe shaida sai Yaya ya miƙe, ya gyara hula, ya fito. Na bi shi da makirufona, ina roƙo a zuci ya kasance maganar ciwon gwiwarsa zai yi.

"'Yan'uwa," ya ce, "Ubangiji ya ba da maƙiyina a hannuna. Sau uku ana yi mini sata a shekarar nan. Ranar Alhamis Allah ya kama mini shi. Na sa aka shimfiɗa hannuwan nan da yake sata da su, na farfasa su da rodi, yatsa bayan yatsa. Ko cokali ba zai ƙara ɗauka ba. Ku taya ni yabon Ubangiji."

Bencinmu ya ɗauka da Amin, har da masu dariya. Sauran jama'a suna murmushi, hannuwansu a shirye, suna jiran in faɗa musu abin da za su tafa wa. Yaya ya juyo ya rage murya. "Ƙanwata, ki sa mata riga."

Rigar tana bakina, na riga na yanka ta: Ubangiji ya kare dukiyarsa daga ɓarayi. Jimla ɗaya, a tafa, a zauna. Na hango 'yata cikin mawaƙa, tana fifita da takarda. Sai na ga abin da ake shirin yi. Coci guda zai ɗaga hannu ya gode wa Allah saboda karyayyun yatsu ba tare da ya sani ba, kuma ni ce zan sa shi. A bayanmu ga gicciye na katako a bango. Wanda muke cewa muna bi, hannuwansa aka huda, tsakanin ɓarayi aka rataye shi, kuma bai tsine wa ko ɗayansu ba. Fushi ne ya kama ni, ba wani tsarki ba.

Na juya maganar yadda ya faɗe ta. Ban ƙara ba, ban rage ba, na sa rodin, na sa yatsun, na sa cokalin, na ƙare da roƙon a taya shi yabo.

Ba wanda ya tafa. Wata mata a layin gaba ta rufe bakinta da hannu. Yaya Faransancin ciniki kawai yake ji, amma rodi ai hajarsa ce, ya san sunanta. Fuskarsa ta canza.

"Ba haka na ce ba," ya ce da Hausa.

Na juya wa jama'a: "Ya ce ba haka ya ce ba." Sannan na ƙara nawa: "Haka ya ce."

Fasto ya taso ya karɓi makirufo biyun, ya ja waƙa, amma da ƙyar aka bi shi. Daga baya ya kira Yaya ofis, ya ce masa ya je ya duba mutumin, kuma ya dakata da cin jibin Ubangiji har sai ya tuba a fili.

A ƙofar coci matar Yaya ta tare ni, ta wanke ni tas. Ta tuna mini wata huɗun da muka yi a gidansu, da tabarmar da muka kwana a kai. Gaskiyarta ce. Da Yaya ya fito bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi mini zafi.

"Sau biyu na kai ƙara komisariya, wurin 'yan sanda," ya ce. "Me aka yi? Sai da suka tambaye ni sejur ɗina, takardar zama, kafin su tambayi abin da aka sace. Mu baƙi ne a nan. Idan ba mu tsare kanmu ba, wa zai tsare mu? Duk kartiye, unguwar nan kaf, an san yanzu ba a taɓa shagona. Ke kuma kin ɗauki wuyana kin miƙa wa 'yan ƙasa."

"Yaya, ba ni na kawo maganar gaban Allah ba, kai ka kawo ta. Idan abin kunya ce da Faransanci, da Hausa ma abin kunya ce."

 Ya ce, "Mijinki ba zai yi mini haka ba." Ya shiga mota.

Washegari wani direban taksi ya kawo mini leda a shago. Babbar rigar ce, a ninke, ko guga ba ta baje ba. 'Yata tana nan, ta zo gwajin rigarta. Ta dubi ledar ta dube ni.

"Mama, mako uku. Ba za ki iya jira mako uku ba?"

Na fara yi mata bayanin gicciye da yatsu. Ta katse ni.

"Shekara goma sha ɗaya kina gyara wa kowa magana. Sai da aka zo kaina gaskiya ta kama ki."

 Na ji kunya, na ji tausayinta. Yarinyar da ta rasa uba tana ƙarama, ta samu wani, ni kuma na ƙwace mata shi ana gab da ranar da ta fi bukatarsa.

Ranar Laraba dattawa biyu daga cikinmu suka zo da sulhu. Sun zauna a kan bencin kwastomomi, suka yi doguwar gaisuwa, sannan suka ajiye sharaɗi. Lahadi mai zuwa in tashi in ce harshena ne ya zame, Faransancin ya kuɓuce mini, abin da Yaya ya faɗa shi ne jama'a suka daki ɓarawo shi kuma ya cece shi. Idan na yi haka fasto zai janye hukuncinsa, Yaya zai karɓi rigarsa, kowa zai zo biki. Ɗayansu ya ce, "Maman yara, ai ba sabon abu muka roƙe ki ba. Aikinki ne." Suna fita 'yata ta durƙusa a gabana, abin da ba ta yi ba tun tana firamare. Ta ce, "Don Allah, Mama. Sau ɗaya." Na ce mata zan yi tunani, kuma da gaske nake.

Ranar Asabar da la'asar na dama kunu na tafi neman mai baron. Ɗakinsa yana can gangaren Akébé, inda sai an bi ta kan katakai saboda ruwan kwata. Ba zuciyar kirki ce ta kai ni ba. Na je ne ina fatan in tarar abin bai kai yadda na gani ba, in samu ƙofar da zan bi in yi ƙaryar.

Yana zaune a bakin katifa, hannuwansa biyu a naɗe har gwiwar hannu, ya ajiye su a cinya. Matarsa tana ba shi shinkafa a baki. Da ya gan ni ya kau da kai ya ƙi karɓar lomar, kunya ta kama shi. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara da Faransancinsa na titi. "Na sata, madam. Ba sharri aka yi mini ba." Matar ta ce likita ya ce uku daga yatsun dama ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Gumi ya gangaro masa ido, ya yi ta ƙiftawa har sai da ta lura ta share masa da bakin zaninta. Da zan tafi ya ce, "Kekenki fa, wa zai riƙa kai miki gyara?" Na hau gangaren nan ina kuka, ina kuma jin haushin kaina da abin da ya kawo ni.

Ranar Lahadi fasto ya ce tafinta tana da magana. Yaya yana zaune a bencin farko, ya harɗe hannu. Na yi da Hausa tukuna, sannan na juya wa kaina da Faransanci, don kada wani ya ce bai ji ba. Na ce an turo ni in faɗa muku na yi kuskure. Na yi kuskure, amma ba makon jiya ba. Shekara goma sha ɗaya kuna cewa Amin a kan maganar da ba a faɗa ba, ni na sa ku, ku gafarce ni. Abin da na juya makon jiya shi aka faɗa. Na je na ga hannuwan da idona. Mutumin ya yi sata, shi da kansa ya ce, amma ba zan taya kowa yabon Allah a kan abin da aka yi masa ba, ko da wane yare. Na ajiye makirufon a kan tebur na koma na zauna.

Yaya ya miƙe ya fita. Matarsa ta bi shi, sannan sauran, ɗaya bayan ɗaya, wasu suna kallon ƙasa. Tsohuwar nan 'yar Maraɗi ce kaɗai ta rage. Daga baya ta ce mini kada in ɗauka wani abu ne, ƙafarta ce ta riƙe.

Kafin yamma an cire ni daga zauren waya. Ba su dawo ba, yanzu a farfajiyar gidan Yaya suke sujada. Idan mun haɗu a kasuwa wasu sukan amsa gaisuwa a gajarce, wasu su shiga duba tumatir. Hausar da nake samu yanzu ta Kanawan da ke da shaguna a layinmu ce, mu gaisa, mu taɓa hira, kowa ya koma harkarsa. Bara da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana shida ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce sannu da harshen uwata. Yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ina kewar Yaya ma. Amma duk wanda ya zo mini da maganar in je in ba da haƙuri, nakan tambaye shi ko an kai wa mai baron nasa haƙurin, kuma har yau ba wanda ya ce mini an kai.

Makonni biyun da suka rage 'yata ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Na ƙarasa rigarta tana tsaye kamar gunki, ni ina durƙushe da allurai a baki. Fasto ya ce kada mu damu, wani dikon, mai hidimar coci, ɗan ƙasa, zai shigo da ita, mutumin kirki ne, ya saba yi wa marayu. 

Ranar bikin muka iso coci da hantsi. Dangin ango sun cika ɓangarensu, sun zo da anko har daga Kamaru. Namu ɓangaren ban tsaya ƙirgawa ba. Dikon yana bakin ƙofa da kwat ɗinsa, ya miƙo hannu yana murmushi. Na ja baya zan zagaya ta ƙaramar ƙofa in shiga in zauna. Sai na ji 'yata ta yi masa godiya da Faransanci, cikin ladabi, ta ce ya shiga abinsa. Ta juyo ta damƙi hannuna, da ƙarfi, har farcenta ya shige ni.

"Ban huce ba, Mama."

"Na sani."

"To ki ɗaga kanki. Ba roƙo muka zo ba."

Na ɗaga. Mai ganga ya fara, muka shiga.